Ranar da Rijiya Ta Rufta da Yayana

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa. Akwai mutanen da muka ci tuwo a kwano ɗaya waɗanda yanzu ko fuskarsu ba na iya kawowa, akwai garuruwan da na kwana a cikinsu har sunansu ya ɓace mini. Amma ranar da rijiya ta rufta da yayana a wani ƙauye kusa da Jajaye, wannan kam ba za ta fita daga raina ba muddin ina numfashi.

Zamanin Turawa ne, 'yan shekaru bayan an gama babban yaƙi, lokacin da gyaɗa take tashe, manyan motoci suka fara shigowa ƙasarmu suna kwasar buhuna. Mu mutanen Karaye ne, gidanmu kuma gidan haƙar rijiya ne tun kakanni. Baba ya yi sana'ar har idonsa ya raunana, gwiwoyinsa suka daina ɗaukarsa. Mu biyu ne 'ya'yansa maza da suka rayu, Yaya da ni auta. Yaya tun yana yaro ya kama igiya a bakin rijiya, bai kuma sake ta ba. Mutum ne mai faɗin kafaɗa, maganarsa kaɗan, tafin hannunsa kamar ɓawon itace. Daga Karaye zuwa Rogo har Rogo Ruma, da wuya ka shiga ƙauyen da ba a shan ruwan rijiyar da ya haƙa ko ya yashe. Bai taɓa ganin jirgin ƙasa ba, bai kuma damu ya gani ba.

Ni kuwa zama wuri ɗaya ya gagare ni. Na fara da bin 'yan cin rani zuwa haƙar kuza a ƙasar Jos. A can na ga yadda ake tokare bangon rami da katako don kada ya zubo wa masu aiki, har aka sa ni cikin masu yin tokarar, domin ni siriri ne, ina shiga inda ƙato ba ya shiga. Sanyin wurin ya kore ni, na gangaro Zariya na zauna wajen wani kafinta, na koyi riƙon zarto da buga ƙusa. Ban daɗe ba na koma yaron mota a hannun wani direba mai yawan barkwanci, na koyi ɗaurin kaya da sauke kaya masu nauyi ba tare da sun faɗo wa mutum ba. Kowane aiki, da zarar hannuna ya faɗa da shi, sai zuciyata ta fara leƙen wani. Shi ma direban wata rana na durƙusa na yi masa sallama, ya yi dariya ya sa mini albarka, na kamo hanyar gida.

Da bazara na iso Karaye. 'Yan unguwarmu ba su bar ni na huta ba. Ko'ina na bi sai na ji ana cewa, "Sannu da zuwa! Yau kuma wane aikin aka bari?" Baba bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi. Da na durƙusa na gaishe shi, sai ya ce, "Hutawa ka zo yi, ko zama?"

Na ce, "Sai abin da Allah ya yi, Baba."

Ya ce, "To, kafin Allah ya yi, gobe ka ɗauki dagi da guga ka bi yayanka. Akwai aiki wajen Jajaye."

A hanya Baba yana gaba a kan jaki, domin duk da ya daina shiga rijiya, ba ya yarda a bar shi a gida. Ni da Yaya muna biye da kayan aiki a ka. Can sai Yaya ya ce, "Auta, wai me kake nema a duniyar nan wanda babu shi a gida?"

Na ce, "Yaya, kai ba ka gajiya? Kullum rami, kullum duhu, kullum laka."

Ya yi murmushi ya ce, "Ai babu rijiya biyu da suke iri ɗaya. Kai ne ba ka tsaya ka duba ba."

A lokacin tausayinsa nake ji, ina ganin ya binne ƙuruciyarsa a rami. Daga baya na gane shi ma tausayina yake ji, yana ganin na zama mutumin da ba a san inda za a ajiye shi ba.

Tsohuwar rijiya ce, ita kaɗai ce a ƙauyen, ta ƙafe ƙaf. Mata sai sun yi tafiya mai nisa zuwa rafi su tona yashi kafin su cika tulu. Mai unguwa ya kira Yaya ya ƙara mata zurfi, kamar yadda ya saba kiransa duk lokacin da ta yi gardama. Muka yi kwanaki muna aiki, shi yana ƙasa yana haƙa, ni da samarin gari muna jan guga muna zubar da ƙasa, Baba yana zaune a gindin wata tsamiya. Duk gugan da ya fito sai an kai masa, ya damƙi ƙasar ya murza, ya shinshina, sannan ya faɗi abin da ya rage.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Muka ji muryar Yaya daga ƙasa yana cewa laka ta jiƙe, ruwa ya kusa. Wata mata ta rangaɗa guɗa. Kafin ka ce me, jama'a sun taso daga ko'ina, manya da yara, kowa yana son ya leƙa ya ga ruwan da idonsa. Baba ya miƙe yana ɗaga sanda yana cewa, "Ku ja da baya! Ku ja da baya!" Amma hayaniya ta danne muryarsa. Sai na ji ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafata, wani sauti ya taso daga cikin rijiyar kamar an zazzage buhunan gero a lokaci ɗaya. Igiyar da ke hannuna ta yi nauyi, ta tsaya cak. Jar ƙura ta turnuƙo daga bakin rijiyar.

Mutane suka watse da salati. Baba ya yar da sandarsa, ya kwanta rub da ciki, ya ja jiki har ya kai bakin ramin. Yaya ɗan fari ne, tunda nake ban taɓa jin Baba ya ambaci sunansa ba saboda kunya. Ranar ya kira shi da sunansa, da ƙarfi. Shiru. Ya sake kira. Can sai muka ji tari, sannan murya ta taso a shaƙe.

"Ina nan, Baba. Ƙasa ta kama ni har ƙirji. Hannuna ɗaya ne a waje. Ruwa kuma ya fara tsattsafowa."

Wani ƙaƙƙarfan saurayi ya kama igiya ya ce shi zai shiga. Yana ɗora ƙafa a bangon rijiyar, sai ga rairayi shaa, ya ƙara zuba ƙasa, muka ji Yaya yana tari kamar zai shiɗe. Baba ya daka tsawa ya ce, "Fito! Duk wanda ya ƙara taka bangon nan, shi ya kashe mini ɗa." Wasu suka ce a jefa masa igiya ya ɗaura a hammata, a taru a ja. Baba ya girgiza kai ya ce jiƙaƙƙen rairayi ba ya sakin abin da ya kama, in an ja da ƙarfi bayansa za a karya. Wasu suka ce a haƙa wani rami daga gefe a cim masa. Baba ya ce aikin kwanaki ne wannan, ruwan kuwa kafin faɗuwar rana zai kai masa hanci.

Ya yi mana bayani a gurguje. Daga sama jar ƙasa ce, sai marmara mai ƙarfi, a ƙarƙashinta kuma akwai shimfiɗar rairayi wadda ta zagaye rijiyar. Ita ce nauyin jama'a ya fasa, yanzu kuma ko kaɗan aka taɓa ta sai ta zubo. Da ya gama faɗa sai ya zauna a ƙasa. Ya san duk abin da bai kamata a yi ba, amma abin da za a yi ya ɓace masa. Ƙanen Baba ma haka wata rijiya ta cinye shi tun ba a haife mu ba. A saninsu, wanda rairayi ya kama a ƙasan rijiya addu'a ake yi masa.

Ina tsaye ina kallon ramin nan, sai ramukan kuza suka faɗo mini. Na je na durƙusa gaban Baba na ce, "Baba, a ba ni dama in gwada wani abu."

Bai ko dube ni ba ya ce, "Nan ba wurin wasa ba ne."

Na ce, "Ba wasa zan yi ba. A gitta dogayen azara a bakin rijiyar, ƙarshensu ya kwanta can nesa a ƙasa mai ƙarfi, kada kowa ya ƙara taka baki. A zura ni ta tsakiya ina lilo, ba zan taɓa bango ba. In kifa masa gangar ƙarfe wadda aka cire wa gindi da murfi, ta kare kansa. Sannan in jera katako a jikin rairayin, in tokare shi da itace daga wannan bango zuwa wancan. Na yi wannan aikin da hannuna, Baba."

Sai a lokacin ya juyo da fuskarsa wajena. Ya ce, "Katakon a kan me zai tsaya?"

Na ce, "Wannan ne ban sani ba. Kai ka san cikin rijiyar nan."

Ya ce, "A ƙarƙashin rairayin akwai yumɓu mai tauri, ya ɗan turo baki ta gabas da ta yamma kamar dakali. Ni na bar shi haka tun ina da ƙarfina. A kansa za ka kafa. Ta kudu kada ka yarda da shi, ruɓaɓɓe ne." Ya ɗaga murya ya ce wa mai unguwa, "A ba yaron nan duk abin da ya nema."

Azara ba ta yi wuya ba, nan take aka rushe wata rumfa aka zaro. Katako ne babu, domin ƙauye ne, yawancin ɗakuna asabari ne a ƙofarsu. Mai unguwa yana cikin jinjina abin, sai wata tsohuwa ta ce, "Ga ƙyauren ɗakina nan, ku je ku cire. Ruwan da aka yi wankan jego da na suna da shi a haihuwar jikokina, hannun yaron da ke cikin rijiyar nan ne ya fito da shi." Tana rufe baki wani ya ce a ɗauko gadonsa, liman ya ce a ciro ƙyauren masallaci, Allah ya ga dalili. Ban taɓa ganin mutane suna gudu su rushe kayansu da murna irin ta ranar ba. Shekarun da Yaya ya yi yana zuwa duk lokacin da suka kira shi ne suka tashi suna yi masa aiki.

Saura ganga da doguwar igiya mai ƙarfi, su kuwa sai Rogo. Allah ya sa ranar kasuwa ce, na kuma san tsohon maigidana direba ba ya fashin kasuwar. Wani tela ya turo mini kekensa. Ban san yadda na yi tafiyar nan ba, abin da na sani kawai shi ne na gan ni a Rogo. Na same shi a bakin kasuwa ana loda masa ragowar buhunan gyaɗa. Yana hango ni ya washe baki ya ce, "A'a! Ɗan gidana! Ai na ce za ka dawo. An gaji da tuwon gida ke nan?"

Na ce, "Maigida, rijiya ta rufta da yayana, yana da rai. Ina neman igiyarka, da gangar mai, da katakon motarka."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Motar ba tasa ba ce, ta wani attajiri ce, kayan kuma ana jiransu a Kano. Bai tsaya tunanin wannan ba. Ya juya ya ce wa 'yan dako, "Ku sauke! Duk ku sauke!" Ya aika aka kira wani maƙeri daga rumfarsa, maƙerin ya hau bayan mota da guduma da kurfi na yankan ƙarfe. Muna tafiya yana sarar gindin gangar, motar tana tsalle a kan kunyoyin gonaki, domin babu hanyar mota zuwa ƙauyen. Tun muna nesa muka ga mutum yana ɗaga mana hannu. Baba ne ya aiko a ce kada motar ta matso, girgizarta kaɗai ta isa ta ƙarasa rijiyar. Ni wannan ko a mafarki bai zo mini ba. A can muka tsaya, jama'a suka kwashi kaya a ka.

Azahar ta yi lokacin. Na tarar da Baba yana nan kwance rub da ciki a kan azara, rana tana dukan bayansa, yana ta yi wa Yaya magana a hankali, yana ce masa ya ja numfashi sannu sannu, kada ya yi yunƙuri. Aka ce tun tafiyata bai ɗaga ba. Ruwa ya kai wa Yaya wuya.

Muka zura ƙarfe a cikin wani tsohon wilin mota, wato ƙarfen da ake sa wa taya, muka ɗora a kan azara, igiya ta bi ta kansa don ta sauka ta tsakiya sosai. Direba ya jera maza a kan igiyar, ya ce ba mai saki ba mai ja sai ya ji muryarsa. Na yanka katakon daidai yadda Baba ya kwatanta mini faɗin rijiyar da hannunsa, na ɗaure kaina da irin ɗaurin da muke yi wa kaya, na yi bisimilla. Matar mai unguwa ta kawo madubinta, wani ya tsaya yana karkata shi, hasken rana ya faɗa cikin ramin.

Ina sauka zafin bazara yana raguwa, warin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana cika mini hanci. Muryar Baba tana bina daga sama. "Yanzu kana jar ƙasa. Yanzu za ka ga marmara. Naɗe ƙafafunka, rairayin yana gabanka." Mutumin da ba ya gani sosai, amma duk abin da ya faɗa sai in gan shi a gabana kamar shi ne a kan igiyar. Da na kai wurin da ya fashe, na ƙura masa ido. Bangon ya rarake ya yi kogo, rairayi yana ta tsiyaya siriri siriri ba tsayawa.

Can ƙasa na hango kan Yaya, ya ɗaga haɓa sama don kada ruwa ya shiga bakinsa, fuskarsa duk laka. Aka zuro gangar a wata igiya, na kama ta na daidaita a hankali. Ya buɗe ido ya dube ni ya ce, "Auta, kai ne?"

Na ce, "Ni ne, Yaya."

Ya ce, "Me ka kawo mini haka? Ganga? Kiɗa za mu yi?"

Ina hawaye ina dariya na kifa masa ita, ta zauna a kan yashin ta kewaye kansa da kafaɗunsa. Na ce a ja ni sama kaɗan, na lalubi dakalin yumɓun nan ta gabas, na same shi daidai inda Baba ya ce. Aka riƙa zuro mini katako ɗaya bayan ɗaya. Na kafa ƙyauren tsohuwa ta gabas, na masallaci ta yamma, na cike sauran da katakon mota, ina gitta itace a tsakani ina buga 'yan guntaye don ya matse. Kowane bugu sai na riƙe numfashi.

Ina cikin buga na ƙarshe sai na ji bangon kudu ya yi wani nishi. Kafin in ɗaga kai, rairayi ya ɓalle gaba ɗaya ya dako katakon. Duhu ya rufe ni, ƙasa ta cika mini ido da baki, itatuwan suka yi ƙara kamar za su tsage, rairayin da ya tsallake ta sama ya zuba a jikin gangar, ƙarfen yana amsawa. Daga sama na ji kururuwar mata, wani yana cewa shi ke nan, an rasa su duka biyu. Na tsaya cik ina jiran abin da zai biyo baya. Babu abin da ya biyo. Na miƙa hannu na shafa katakon, yana nan daram. Na tofar da ƙasar bakina na kira Yaya, ya amsa daga cikin ganga.

Na tattara duk ƙarfin da ya rage mini na ɗaga murya na ce, "Muna nan! Katako ya riƙe!"

Kabbarar da ta tashi a sama, har cikin ramin na ji ta a ƙirjina.

Daga nan sai aikin haƙuri. Aka riƙa zuro guga ina cika shi da ruwa ana janyewa, har wuyan Yaya ya fita, ƙirjinsa ya bayyana. Aka ɗage gangar, na shiga kwashe yashi da ƙoƙo, wani wurin da yatsuna. Ɗaya hannun ya fito, sannan ƙugunsa. Da muka kai gwiwa sai aikin ya tsaya, duk abin da na kwashe sai jiƙaƙƙen yashi ya sake cike gurbinsa. Raina ya ɓaci, na rungume shi zan ja. Ya dafa kafaɗata ya ce, "A'a, Auta. Ƙasa ba ta son gaggawa. Ɗauko dagin nan, ka soka shi a gefen ƙafata, ka riƙa jujjuya shi. Bari ruwa ya shiga tsakanina da yashin, shi zai sake ni."

Na yi yadda ya ce. Ina jujjuya dagi, shi yana motsa ƙafar kaɗan kaɗan, yana cije leɓe. Can sai muka ji wani ɗan sauti, ƙafar dama ta zare. Ta hagu ta fi ba mu wuya, domin wani dutse ya danne ta, ta kuma karye a ƙauri, amma ita ma ta fito. Na kwance igiyar jikina na ɗaura masa, na ce wa direba a ja a hankali. Ina tsaye cikin ruwa har cinya ina kallonsa yana tafiya sama yana jujjuyawa, ya wuce katako, ya wuce marmara, har hannuwa suka miƙo suka karɓe shi.

Ban ga fitowarsa ba, amma na ji ta. Guɗa, kabbara, kuka, duk a haɗe. Da aka jawo ni, rana ta yi sanyi, la'asar ta wuce. Na ga Yaya kwance a kan tabarma a gindin tsamiya, Baba yana durƙushe yana shafa fuskarsa da hannu biyu kamar mai son tabbatarwa. Samari suka ɗaga ni sama suna zagaye da ni, ni kuwa jiri nake ji. Sai na ji Baba yana cewa, "Ina autan? Ku kawo mini shi."

Na durƙusa a gabansa. Ya kama hannuwana ya juya su, ya shafa tafin da ya yayyage yana jini. Ya daɗe yana riƙe da su. Sannan ya ce, "Ashe koyo ka je yi. Allah ya yi maka albarka." Duk taron nan sai da suka ce amin. Na sunkuyar da kai na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina yaro.

Direba ne ya mayar da mu dariya. Ya leƙa rijiyar daga nesa ya ce, "To, jama'a, an fito da mutum, saura rabin motata." Katakon nan sai da ya yi kwanaki a ciki kafin mu gyara bangon mu ciro shi. Attajirin da ya ji dalili bai ce komai ba sai fatan alheri. Tsohuwa ta yi ta kwana da asabari a ƙofarta har na yi mata sabon ƙyaure da hannuna, ta riƙa nuna wa duk wanda ya zo gidanta.

Mai ɗori ya ɗaure ƙafar Yaya, kafin kaka ya miƙe, da ɗan ɗingishi wanda ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Mutane suka ɗauka ya bar rijiya ke nan, amma rani na zagayowa ya ɗauki daginsa. Abin da ya sauya shi ne, duk rijiyar da aka tarar da rairayi a cikinta, sai ya aiko a kira ni in tokare kafin ya ci gaba. Sauran masu haƙa a ƙasar Karaye da Rogo suka gani suka ɗauka. Ni kuma ba zan ce daga ranar na daina fita ba, na sake taɓa wasu ayyukan kafin daga bisani in kafa rumfar kafinta a Rogo, inda na tsufa. Amma ba wanda ya ƙara tambayata wane aikin aka bari.

Na daɗe ina juya ranar nan a raina. Da Baba da Yaya ba su ƙare rayuwarsu a sana'a ɗaya ba, da na kafa katakona a ruɓaɓɓen wuri, ko in karya yayana da ja, mu hallaka tare. Da kuma ban yi yawona ba, da a bakin rijiyar nan aka yi masa salla. Saboda haka yau idan wani cikin jikokina ya zo yana shawara ko ya zauna a aikinsa ko ya nemi wani, ba na ce masa zauna, ba na ce masa tashi. Abin da nake ce masa shi ne, in zama za ka yi, ka zauna da gaske har ka san aikin ciki da waje, mutane su san za su same ka duk ranar da suka neme ka. In kuma tashi za ka yi, kada ka tashi sai hannunka ya ƙware a wani abu, ka kuma rabu da mutane cikin mutunci. Wanda ya zauna kada ya raina wanda ya fita, wanda ya fita kada ya raina wanda ya zauna, domin akwai ranar da ran ɗayanku zai rataya a kan abin da ɗayan ya koya.